Wane amfani ɗan majalisar adawa yake da shi idan kullum a ƙuri'a kayar da shi ake yi?

Ɗan Mazaɓa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san aikin majalisa, kuma ina roƙon a amsa mini da hujja, a ajiye son jam'iyya a gefe. A ranar 18 ga Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar dokokin jihar na tsawon wata shida. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya ce irin wannan shela ba ta ɗorewa sai kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowace majalisa sun amince da ita, wato sanatoci 73 daga cikin 109 da wakilai 240 daga cikin 360. Bayan kwana biyu majalisun biyu suka amince, amma ba a ƙirga kowa ba. Da murya aka yi, mai riƙe da guduma ya ce masu goyon baya sun fi yawa, ya buga, aka wuce wurin. Sanatocin adawa irin su Seriake Dickson da Aminu Waziri Tambuwal sun fito sun ce ba su yarda da yadda aka yi ba, amma dokar ta zauna daram har wata shidan ya cika.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan a batu mai nauyi irin wannan, wanda tsarin mulki da kansa ya faɗi adadin da ake bukata, ɗan adawa bai iya tilasta ko da ƙirga hannuwa ba, to mene ne ainihin aikinsa a zauren majalisa? Shin akwai wani ƙarfi da doka ta ba shi na ya tuhumi manufofin gwamnati kuma a ba shi amsa dole, ko kuwa iyakarsa ya tashi ya yi magana, 'yan jarida su ɗauka, kashegari a manta? Muna ji a rediyo yadda jagoran adawa a Ingila yake tsare firaminista da tambayoyi gaba da gaba, kuma ban taɓa jin an yi wa shugaban Najeriya haka ba. Laifin tsarin ne ko laifin mutanen da muke turawa? Dalilin tambayata shi ne a mazaɓarmu an fara cewa zaɓen ɗan adawa asarar ƙuri'a ce, tunda ba ya hana komai kuma ba ya kawo komai, ni kuma ina so in san abin da zan ce wa masu wannan magana.

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi aiki a ɓangaren akawun wata majalisar dokokin jiha har na yi ritaya, don haka zan amsa daga abin da doka ta tanada da kuma abin da idona ya gani.

Kwatancen da ka yi da Ingila yana bukatar gyara tun daga tushe. A can firaminista ɗan majalisa ne, ministocinsa ma 'yan majalisa ne, kuma gwamnatinsa tana rayuwa ne muddin majalisa ba ta janye mata goyon baya ba. Shi ya sa kowace Laraba da tsakar rana, idan majalisa tana zama, yake tsayawa na rabin sa'a yana amsa tambayoyi, shida daga ciki na jagoran adawa ne. Mu ma mun taɓa yin wannan tsari a Jamhuriya ta Farko: bayan zaɓen 1959 Cif Obafemi Awolowo ya bar kujerar firimiyan Jihar Yamma ya zama jagoran adawa a majalisar wakilai ta tarayya, yana fuskantar Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a zaure ɗaya. Yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Birtaniya a 1960 ta sha suka daga 'yan adawa a cikin majalisa da ɗaliban jami'a a waje, har aka soke ta a Janairun 1962. Amma tun daga 1979 muka koma tsarin shugaba mai cikakken iko, wanda jama'a suke zaɓa kai-tsaye, kuma a wannan tsari shugaba da ministocinsa ba 'yan majalisa ba ne. Sashe na 67 ya ce minista zai halarci majalisa idan an gayyace shi ya yi bayanin aikin ma'aikatarsa, amma game da shugaban ƙasa cewa ya yi yana iya halarta, bai ce dole ba. An ga tasirin wannan a Disamban 2020, bayan kisan manoman shinkafa a Zabarmari, lokacin da majalisar wakilai ta gayyaci Shugaba Buhari, aka sa rana, sannan ministan shari'a Abubakar Malami ya fitar da sanarwa cewa majalisa ba ta da hurumin kiran shugaba kan yadda ake sarrafa sojoji. Bai je ba, kuma babu abin da ya biyo baya.

Saboda haka wanda yake jiran ya ga ɗan adawa ya tsare shugaban Najeriya da tambaya a zaure zai daɗe yana jira. Ƙofofin da tsarinmu ya buɗe masa wasu ne daban, kuma mafi girmansu tana cikin sashe na 88 da na 89, waɗanda suka ba majalisa ikon bincikar duk wata ma'aikata ko hukuma da take kashe kuɗin da majalisa ta ware, ta kira kowa ya ba da shaida bisa rantsuwa, ta nemi takardu, har ta ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. A kwamitoci ake amfani da wannan iko, kuma a kwamiti babu wanda yake tambayar jam'iyyarka kafin ka jefa wa babban sakatare tambaya. Akwai ma kwamiti guda, na bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda a al'ada ɗan adawa ake bai wa shugabancinsa, kuma shi ne yake karɓar rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa. A majalisar dattawa ta tara Sanata Matthew Urhoghide na PDP ne ya riƙe shi, a majalisar wakilai ta goma kuma aka bai wa Bamidele Salam, shi ma a lokacin ɗan PDP.

Na sha zama ina rubuta bayanin zaman irin wannan kwamiti. Babban sakatare zai shigo da daraktocinsa a bayansa, kowa rungume da fayil, a yi gaishe-gaishe, a raba ruwan roba. Idan 'yan kwamitin ba su karanta komai ba, zaman yakan ƙare cikin minti kaɗan da yabon juna da alƙawarin cewa sauran takardu za su biyo baya. Amma idan akwai mutum ɗaya tak da ya kwana da rahoton mai binciken kuɗi, ya naɗe shafin da aka ce an biya kuɗin kwangila ba tare da takardar kammala aiki ba, sai ka ga ɗakin ya canza. Zai karanto lambar takardar biyan kuɗin, ya tambayi wanda ya sa hannu, babban sakatare ya waiwayi daraktan kuɗi, daraktan kuɗi ya shiga juya fayil yana neman shafin da ya san babu shi. Wannan mutum ɗaya ba shi da rinjaye, amma amsar da aka ba shi ko aka kasa ba shi ta shiga rubutaccen bayanin majalisa, kuma ɗan jarida ko lauya ko hukumar bincike na iya ɗauko ta ko bayan shekara nawa ne.

A zaure kuwa, makamin da ya fi kaifi a hannun marasa rinjaye shi ne neman a rarrabe ƙuri'a, kowa ya faɗi matsayinsa da sunansa. Ƙuri'ar murya tamkar a sayar maka da gero ne a ce an auna da ido, mudu kuwa yana ajiye a gefe. A ranar 15 ga Yulin 2021 majalisar dattawa tana duba gyaran dokar zaɓe, aka zo kan batun tura sakamako ta na'ura. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na APC ya kawo gyaran da ya ce hukumar zaɓe ba za ta yi hakan ba sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar da wadatar layin sadarwa kuma majalisa ta amince. Shugaban majalisar, Ahmad Lawan, ya yanke da murya cewa gyaran ya wuce. Sai shugaban marasa rinjaye, Enyinnaya Abaribe, ya tsaya kan bakarsa cewa a rarrabe ƙuri'a bisa ƙa'idar majalisa. Aka yi ta hayaniya, aka shiga zaman sirri, aka fito, bai janye ba. Daga ƙarshe akawu ya riƙa kiran suna jiha bayan jiha, kowane sanata yana miƙewa yana faɗin nasa. Sakamakon ya fito 52 da 28, wasu 28 kuma ba su nan. An kayar da Abaribe, amma kashegari jaridu suka buga sunayen duka, har da waɗanda suka zame lokacin ƙuri'a, mutanen mazaɓu suka fara kiran sanatocinsu. Cikin Oktoban shekarar majalisar ta warware matsayinta, ta bar wa hukumar zaɓe ikon ta yanke yadda za ta tura sakamako, kuma haka dokar ta fito da aka sa mata hannu a Fabrairun 2022. Wannan shi ne amsata ga masu cewa wanda aka kayar a ƙuri'a bai yi komai ba.

Malama Mai Tarihi ta amsa:

Baba Akawu ya yi bayani mai gamsarwa kan abin da yake rubuce, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin misalansa ba. Inda na saɓa da shi shi ne, ya nuna mana makamai bai gaya mana abin da yake samun wanda ya ɗauke su ba. Misalin 2021 ya yi fice ne domin irinsa ba shi da yawa, kuma tambayar da Malam ya fara da ita tana nan: ƙa'idar rarrabe ƙuri'a ba ta ɓace ba a Maris 2025, amma ba a ƙirga kowa ba, domin mai riƙe da guduma ne yake zaɓar wanda zai ba dama ya yi magana, kuma shi ne yake yanke hukunci kan duk wani ƙorafin ƙa'ida.

A duba abin da ya faru da Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya. A Maris 2024 ya yi hira da sashen Hausa na BBC, ya yi zargin cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin kuɗin shekarar da ba a ga takamaiman ayyukan da aka jingina su da su ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, shugabannin majalisa ma suka musanta. Yana iya yiwuwa lissafinsa yana da gyara, kuma da an kafa kwamiti an baje alƙaluman a bainar jama'a da kowa ya ga inda gaskiya take. Maimakon haka, a ranar 12 ga Maris abokan aikinsa suka dakatar da shi na wata uku, ya ajiye shugabancin ƙungiyar sanatocin Arewa, sai ƙarshen watan Mayu aka dawo da shi. Mutanen mazaɓarsa suka zauna babu wakili, kuma duk wani ɗan adawa da yake da niyyar ɗaga shafin kasafi ya ga abin da zai iya biyowa. Wannan bulala ba ta tsaya kan 'yan adawa ba: Abdulmumin Jibrin a 2016 da Ali Ndume a 2017 duka 'yan jam'iyya mai mulki ne lokacin da aka dakatar da su, kuma kotu ta soke dakatarwar duka biyun. Sai dai kafin shari'a ta ƙare yawanci an riga an cinye wa'adin horon.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ci mini rai, wato ita adawar kanta ba ta zama wuri ɗaya. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa sai dai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Ifedayo Abegunde a 2015 ta fayyace cewa rabuwar sai ta kasance a matakin ƙasa, rikicin reshen jiha bai isa ba. Duk da haka kusan kowane mako ana karanta wasiƙar sauya sheƙa a zaure ana tafi, domin shugaban majalisar ne ya kamata ya ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa, kuma sau da yawa jam'iyyarsa ce ta yi riba. Godswill Akpabio yana shugaban marasa rinjaye na majalisar dattawa ya koma APC a Agustan 2018. Mutumin da yake lissafin ranar da zai tsallaka ba zai ɓata wa waɗanda zai je ya tarar rai da tambayoyi masu zafi ba.

Ban kuma wanke masu zaɓe ba. Ranar da ɗan majalisa ya dawo gida ba a tambayarsa yadda ya kaɗa ƙuri'a kan bashi ko haraji. Abin da ake tambaya shi ne rijiyar burtsatse da takardun ɗaukar aiki da buhunan taki, kuma waɗannan duka a hannun ma'aikatun da ake so ya bincika suke. Idan ya matsa wa minista da safe a kwamiti, da wace fuska zai je ofishinsa da yamma neman gurbin aiki ga ɗan mazaɓarsa? Masu cewa zaɓen ɗan adawa asara ce suna auna shi da wannan ma'auni ne, kuma muddin shi ne ma'aunin, majalisar 'yan amshi za mu ci gaba da samu ko da wace jam'iyya ce take mulki.

Ɗan Zangon Kumasi ya amsa:

Ina gaida Baba Akawu da Malama. Zan kawo abin da muka gani a Gana, domin ya nuna cewa yawan kujeru yana canza komai, ko da rinjayen bai kai ba. A zaɓen Disamban 2020 jam'iyyar NPP mai mulki da NDC mai adawa kowace ta samu kujeru 137, sai ɗan takara mai zaman kansa guda daga mazaɓar Fomena, wanda ya jingina da ɓangaren gwamnati. A ranar 7 ga Janairun 2021 aka zaɓi Alban Bagbin na NDC ya zama kakakin majalisa, wato gudumar da Malama take magana a kanta ta faɗa hannun ɗan adawa. Tsarinmu kuma ya bambanta da na Najeriya a wuri guda mai muhimmanci: tsarin mulkin 1992 ya ce mafi yawan ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su, kuma akwai lokacin tambayoyi da minista yake tsayawa a zaure ya amsa abin da ɗan majalisa ya rubuto, sannan a bi shi da ƙarin tambaya nan take.

A Nuwamban 2021 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya kawo kasafin 2022 ɗauke da sabon haraji na kashi 1.75 cikin ɗari a kan kuɗin da ake turawa ta waya. Duk wanda ya san kasuwannin Kumasi ya san cewa mai sayar da goro da mai awo da direban tasi duka da wayar suke karɓar kuɗi, saboda haka batun ya shiga kowane gida. Marasa rinjaye ƙarƙashin Haruna Iddrisu na Tamale ta Kudu suka yi watsi da kasafin a ranar 26 ga Nuwamba bayan ɓangaren gwamnati ya fice daga zaure, bayan kwana huɗu ɓangaren gwamnati ya dawo ya warware wannan hukunci. A Disamba abin ya kai ga ba hammata iska a zaure, wanda ba abin alfahari ba ne ga kowa. Harajin bai wuce ba sai ranar 29 ga Maris 2022, kuma an rage shi zuwa kashi 1.5, 'yan adawa suka fice kafin ƙuri'a. A 2023 aka sake rage shi zuwa kashi 1, sannan bayan NDC ta ci zaɓen 2024 aka soke shi a 2025.

A tsakanin nan 'yan adawa sun kawo ƙudirin tsige Ofori-Atta a ƙarshen 2022. Sun san ba su da kashi biyu bisa ukun da ake bukata, kuma ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 136 bayan ɓangaren gwamnati ya fice, amma kafin nan sai da ministan ya zauna gaban kwamiti ana nuna shi a talabijin yana amsa tambayoyi kan bashi da faɗuwar darajar sidi. A ganina, tsayuwar da suka yi kan batu guda na tsawon shekaru, suna maimaita alƙaluma iri ɗaya a zaure da rediyo da kasuwa, ita ce ta sa maganarsu ta zama abin da aka yi zaɓe a kansa. Yanzu NPP ce take zaune a kujerun marasa rinjaye da adadi kaɗan, kuma tana kukan irin abubuwan da NDC ta yi kuka da su a baya.

Mutumin Maraɗi ya amsa:

A Nijar, lokacin da muke da majalisar dokoki zaɓaɓɓiya, tsarin ya ba 'yan adawa abin da ya fi na Najeriya da Gana ƙarfi, domin firaminista da gwamnatinsa suna ƙarƙashin hukuncin majalisa, kuma ana iya kayar da su da ƙuri'ar yanke ƙauna ba tare da an taɓa shugaban ƙasa ba. An yi hakan a ranar 31 ga Mayun 2007. 'Yan adawa, waɗanda Mahamadou Issoufou yake jagoranta, suka shigar da ƙudiri kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, kuɗin da masu ba da tallafi suka bayar don makarantu. A kan takarda gwamnatin Firaminista Hama Amadou tana da rinjaye mai yawa, amma da aka ƙirga sai ƙudirin ya samu ƙuri'a 62 daga cikin 113, wato wasu daga cikin ƙawayen gwamnati sun bi 'yan adawa. Gwamnati ta faɗi, Shugaba Tandja Mamadou ya naɗa Seyni Oumarou. Darasin da na ɗauka shi ne ɗan adawa ba ya yin nasara da ƙuri'un jam'iyyarsa kaɗai. Aikinsa shi ne ya kawo batun da zai sa wanda yake ɓangaren gwamnati ya ji nauyin ci gaba da kare ta.

Sai dai wannan ƙarfi yana da kishiya, domin shi ma shugaban ƙasa yana da ikon rusa majalisa, kuma Tandja ya yi amfani da shi a Mayun 2009 lokacin rikicin tazarce. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuwa babu zaɓaɓɓiyar majalisa. Ban manta ba cewa a farkon Agustan wannan shekarar, da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisar dattawan Najeriya wasiƙa kan matakan ECOWAS, har da yiwuwar amfani da soja, sanatocin Arewa na jam'iyyu daban-daban sun fito sun ƙi, majalisar kuma ta nemi a bi hanyar sulhu. Mu da muke da dangi a Katsina da Jibiya mun saurari wannan labari da kunne biyu.

Ɗan Mazaɓa ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Baba Akawu, maganar Malama ta tsaya mini a rai. Idan mai guduma yana iya hana ɗan adawa magana, abokan aikinsa kuma suna iya dakatar da shi, ta yaya ni da nake gida zan bambance wakilin da ya yi iya ƙoƙarinsa aka danne shi da wanda yake fakewa da rashin rinjaye don ya ɓoye lalacinsa? Dukansu idan sun dawo abu ɗaya suke faɗa, cewa su 'yan tsiraru ne.

Tsohon Akawu ya amsa:

Malama ta faɗi gaskiya, kuma dakatar da zaɓaɓɓen wakili na watanni saboda maganar da ya yi kan kuɗin jama'a abu ne da ban taɓa ganin hujjarsa ba. Amma bambancin da kake nema yana da sauƙin ganewa, Malam, domin aikin majalisa yana barin sawu a takarda. Wanda aka danne yana da abin nunawa: ƙudirin da ya shigar da ranar da ya shigar, ƙorafin ƙa'ida da ya ɗaga aka yi watsi da shi, wasiƙar da ya rubuta wa ma'aikata yana neman takardu, ƙin sa hannu da ya yi a rahoton kwamiti. Majalisa tana buga jadawalin kowane zama da bayanin abin da aka yanke, kuma ana nuna zaman a talabijin da intanet. Ka tambaye shi kwamitocin da yake ciki, da hukumar da ya yi wa tambaya ta ƙarshe, da amsar da aka ba shi. Malalaci a nan yake fara kame-kame.

Ficewa daga zaure da kiran taron manema labarai suna da wurinsu, amma su ne mafi arha. A Yulin 2022 sanatocin adawa sun fice sun bai wa Shugaba Buhari wa'adin mako shida ya magance matsalar tsaro ko su fara shirin tsige shi, wa'adin ya cika babu wanda ya sake tayar da maganar. Ka kwatanta wannan da abin da ya faru a ƙarshen Disamban shekarar, lokacin da aka kawo buƙatar mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ranto daga Babban Banki su zama bashi mai dogon wa'adi. A lokacin, sashe na 38 na dokar Babban Bankin ya taƙaita irin wannan rance ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma ya ce a biya kafin shekara ta ƙare. Sanata Betty Apiafi da Sanata George Sekibo, dukansu 'yan PDP daga Ribas, suka tashi da doka a hannu suna tambayar inda aka kashe kuɗin da wanda ya ba da izini, har zaman ya rikice aka ɗage batun aka kafa kwamiti na musamman. Gwamnati ta samu abin da take so a Mayun 2023, gab da ƙarewar wa'adin majalisar, amma adadin da sashen dokar da aka tsallake sun riga sun fito fili, kuma a farkon 2024 sabuwar majalisar dattawa, wadda APC take da rinjaye a cikinta, ta kafa nata kwamitin don bincikar wannan rance.

Game da Ribas kuwa, tambayar da ya dace ka yi wa wakilinku ita ce ko yana cikin zaure a ranar 20 ga Maris 2025, ko ya miƙe ya nemi a ƙirga, kuma idan an hana shi, a ina ya rubuta cewa an hana shi.